Filin Auta

A gidanmu na Djougou, da an sallame magariba aka sauke tukunyar tuwo, Iya Kande ba ta bari a kashe wuta. Takan tura guntayen doya cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta muna jiran su gasu. Mahaifiyar babana ce, jikar fataken goro, ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa ta iso daga hanyar Gwanja." Mu kuwa mu amsa da ƙarfi, "A sauke mata kaya!"

Yawancin tatsuniyoyinta na dabbobi ne, amma akwai guda wadda babu dabba ko aljani a ciki, kuma ba ta yin dariya idan tana ba da ita.

Wani bafatake ne ya tsufa, yana da 'ya'ya uku, maza biyu da auta mace, yana kuma da fili a bakin hanya. Ya ba kowannensu kuɗi, wuri tamanin, ya ce kowa ya killace abin da kuɗinsa zai iya, mai kusurwa huɗu, abin da ya killace ya zama nasa. Amma gefen da ke kallon hanya dole a yi masa katangar ƙasa, taki ɗaya wuri uku. Sauran gefe ukun zana ce, taki ɗaya wuri ɗaya.

Babban yana son mai wucewa ya ga girmansa, sai ya ja katanga taki goma sha shida. Da ya biya ta ya biya zanar baya, abin da ya rage bai kai shi ciki ba sai taki takwas. Na tsakiya ya ce shi ba zai zuba kuɗi a laka ba. Ya yi katanga taki huɗu kacal, ya miƙe ciki taki talatin da biyu.

A nan Iya takan tsaya ta ce, "To, wa ya fi?"

Mukan kaure da gardama, wasu babba, wasu na tsakiya. Sai ta zana filayen a ƙasa da itace, ta ce mu jera tsakuwa, kowane taki tudun doya ɗaya. Ranar da na fara ƙirgawa da kaina, na sami ɗari da ashirin da takwas a na babban. Na ƙirga na ɗan'uwansa, ɗari da ashirin da takwas! Na ce an yi mini wayo, na watsar da tsakuwar na sake. Haka ta fito. Mai fankama da mai maƙo, babu wanda ya fi wani ko da tudu ɗaya.

"Auta fa?" in ji mu.

"Auta ta zauna da tsakuwa kwana uku. Ta ga duk takin da ta ƙara a gaba yana cinye mata taki biyu na zurfi. Sai ta raba kuɗin biyu, rabi ga gaba da baya, rabi ga gefuna. Gaba goma, zurfi ashirin. Tudu ɗari biyu." Daga nan ta ciro doya daga wuta ta ce baƙuwa ta ɗau kayanta.

Shekaru suka wuce, aka kai ni Parakou karatu, ina zaune wurin kawuna a Ganou. Wata safiya mushen lissafi, wato malaminmu, ya kawo mana tambayar wani lambu da za a kewaye da waya da bulo, kuɗi ƙayyadadde. Ya ce a kira faɗin gaba x, a fitar da zurfi daga kuɗin, a rubuta girman filin da x kaɗai. Nan take na tuna tatsuniyar Iya. Na juya bayan littafina na sa alƙaluman Iya: gaba da baya 4x, gefuna biyu su ci abin da ya rage daga tamanin, zurfi ya zama 40 − 2x, girman fili x(40 − 2x). Na sa goma sha shida, na sa huɗu, amsa ɗaya. Na sa tara, na sa goma sha ɗaya, duk ba su kai ɗari biyu ba. Na daskare riƙe da biro har mushe ya tambaye ni da Faransanci ko ba ni da lafiya.

Da hutu ya zo na sauka Djougou, ko jaka ban ajiye ba na nufi ɗakinta.

"Iya, tatsuniyarki tana cikin littafin lakwal! Babu wanda zai iya wuce auta."

Ta dube ni, ba murmushi. "Mai gidana, ai na sani. Ni ce autar. Dala ce aka ba mu, ba wuri ba."

Na zauna a ƙasa ban san na zauna ba. Tun da nake ban taɓa jin an ce Iya tana da 'yan'uwa ba.

"Babanmu ya ƙirga tudun a gaban mutanen unguwa," in ji ta. "Aka yi ta yi wa yayyena dariya, wai ƙanwarsu ta kayar da su. Yaya Idi ya tafi Gwanja, can ya rasu. Yaya Mamman ya sayar da nasa ya bar garin, ko jana'izar baba bai zo ba. Yana nan a Parakou ɗinku, a Tourou. Na ci fili, na rasa yayye biyu. Wannan ma mushenku ya rubuta muku?"

Ranar da zan koma ta ƙulla goro a ganye ta miƙo mini, na gane na yayanta Mamman ne.

Na hau zem, babur ɗin haya, daga kasuwar Arzèkè zuwa Tourou, na yi ta tambaya har aka nuna mini wani tsoho a gindin mangwaro. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni jikan Kande ne, na miƙa masa goron. Ya daɗe yana kallon goron. Sai ya ɗauki sandarsa ya zana fili a ƙasa.

"Goma, ashirin," ya ce. "Fiye da shekara hamsin ina sake lissafin nan, ko zan sami wanda ya fi nata. Babu. Ba ta cuce ni ba, yaro. Ni ne ma na koya mata ƙidaya. Kunya ce ta kore ni, da kunyar ta tsufa sai na rasa ta inda zan koma."

Ya ɓare goro ya ci. Can ya ce, "Motar Djougou, da safe take tashi?"

Ni na raka shi. Da muka shiga gida Iya tana tsince wake, ta ɗago, tiren ya suɓuce daga cinyarta. "Yaya," kawai ta ce. Suka zauna tabarma ɗaya har la'asar, maganar da suka yi ba ta taka kara ta karya ba. Damina biyu suka ƙara yi a duniya, yana zuwa yana komawa.

Yau aikina awon filaye ne a Parakou. Kusan kowane mako wasu 'yan'uwa sukan zo su ce in fitar musu da mafi girman fili da kuɗinsu zai iya kewayewa, kuma cikin minti biyar nakan sami amsar. Amma ba na faɗin ta a gaban jama'a. Nakan ja wanda lissafinsa bai yi daidai ba gefe, mu zauna mu biyu, in bar shi ya gano da kansa, sannan mu fito shi ya faɗa wa sauran.