Lambar da Ta Cinye Mini Shekara

Duk wanda ya zauna Tudun Wada a shekarun kuɗin mai ya san Kawu Garba, ƙanen mahaifiyata, ba ya fara magana da gaisuwa. Mugun labari yake sakawa a gaba, gaisuwa ta biyo baya in da sauran wuri. Da kunnena na ji ya leƙa gidan maƙwabciyarsa ya ce, “Akuyarki ta faɗa rijiya. Ina kwana, Hajiya.” Matarsa Inna Asabe ta yi masa faɗa, ya ce mutum na iya mutuwa a tsakiyar zance, gara a ji mai amfanin tukuna.

A wurin aiki ya kwaso wannan cuta, wato ɗakin kwamfuta na jami'a. Yaran yanzu ba za su gane ba. Kwamfutar lokacin ɗaki guda take cinyewa, kati mai huji ake ba ta, kuma in ka yi kuskure ba ta da lokacin yi maka bayani. Sai ka gama zaman jira a miƙo maka takarda mai faɗin tabarma, ba komai a kanta sai lamba ɗaya. Kawu ne ya zauna ya rubuta wani ɗan tsari da ke karɓar lambar ya mai da ita maganar da ɗan Adam zai fahimta. Da yake injin buga takardar yana gutsure wutsiyar layi in ya yi tsawo, kullum gargaɗi ne a farko.

To ina ma ya tsaya nan! Ai sai da ya zuba halinsa a ciki. In ka raba lamba da sifili, takarda za ta fito da cewa, “Ka raba da sifili. Wa ya koya maka lissafi, a je masa jaje?” Wani babban malami ya sami irin wannan a gaban ɗalibansa, ya kai ƙara. Shugaban sashe ya umarci Kawu ya sa ladabi a saƙonninsa. Bai yi gardama ba, bawan Allah. Ya ƙara “ranka ya daɗe” a ƙarshen kowane layi, daidai inda injin ke gutsurewa.

Amma akwai abu ɗaya da ko da wasa ba ya yi, shi ne cinke. Lambar da bai sani ba, takarda za ta ce, “Ban san wannan ba. Cire hannunka.” In kuwa ka tare shi a hanya da lamba a bakinka, sai ya tambaye ka wace na'ura ce ta faɗa, don a cewarsa kowace da yarenta, abin da ke nufin takarda ta ƙare a wannan yana iya nufin an fara goge aikinka a waccan.

A nan ya ci ni da yaƙi. Ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu, na gama yawon auna ruwan rijiyoyin Gyallesu da Tudun Jukun har mata sun sa mini suna Mai Guga, kuma duk wahalar tana kan tef ɗin kwamfuta guda ɗaya tak. Sai kuɗi ya yi wa hukuma yawa, aka kwashe tsohuwar kwamfuta aka dasa sabuwa. Littattafan bayaninta kuwa suna can teku a Ikko, sun bi layi a bayan jiragen siminti. Malamin da zai zo daga waje ya duba aikina ya kusa isowa. Na ɗora tef, na'ura ta tsaya cak, ta bugo 217. A tsohuwar, kowa ya san wannan lamba ba komai ba ce, danna maɓalli kawai za ka yi ta wuce.

Na ce, “Kawu, don Allah ka ce in danna.”

Ya ce, “Waccan na san bakinta. Wannan baƙuwa ce, ko gaisawa ba mu yi ba.”

Na roƙa, na haɗa shi da darajar mahaifiyata, na kai ƙara wajen Inna Asabe har ta hana shi fura. Mutumin nan ya zare tef ɗin ya kulle a kabad. Malamin ya zo ya koma, shekara ta wuce ni, tallafin karatuna ya ƙare. Na ji haushinsa ƙwarai, har na daina bi ta layinsu.

Da littattafan suka iso, shi da kansa ya aiko a kira ni. Ya buɗe shafin, ya ɗora yatsa. Kun san me lambar take nufi? Murfin akwatin tef bai rufu da kyau ba. Murfi, jama'a! Na tsaya ina jiran ya ce in yi haƙuri. Ya gyara tabarau ya ce, “Madalla. Yanzu mun sani.”

Har ya koma ga Allah bai ba ni haƙuri ba. Amma a shekarar da na maimaita, kullum in na je biyan kuɗin makaranta sai a ce an riga an biya, ni kuma na ɗauka hukuma ce ta tuna da ni. A shekarar ce kuma ya fara tafiya aiki a motar haya, yana gaya wa mutane wai likita ya hana shi hawa babur. Sai ranar sadakar ukunsa Inna Asabe ta gaya mini babu wani likita, Vespa ɗinsa ya sayar. Ya kuma ja mata kunne kada in sani, don ya ce in na sani zan zo godiya, kuma ni ba na iya gajerta magana.

Allah Ya jiƙan Kawu Garba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Shekarar nan da na rasa kuwa, Kawu, na yafe ta tuntuni. Allah Ya sa Aljanna ce makomarka, amin.