Kawu Sani da Tagar Ɗakin Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsi ne, ina tsakiyar fiɗar rago a mayankar Tamanrasset, waya ta yi ƙara. Ƙanena Bashiru ne daga Maradun. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinmu ba ne. "Yaya Lawali, sai haƙuri. Kawu Sani lokaci ya yi, har an kai shi." Na ajiye wuƙa, na nemi wuri na zauna. Shekara tara ke nan ina ƙasar mutane. An binne mahaifina ba na nan, yau ga ƙanen mahaifiyata. Rabon ɗan ci-rani ke nan, komai sai dai ya ji a waya.

Gidanmu mahauta ne kaka da kakanni. Kawu kaɗai ya bar wuƙa ya kama gyaran fitila da risho. Har yau in na ji warin kananzir, rumfarsa ta bakin kasuwa nake gani, da gwangwanayen lagwani, da ƙyallen da ba ya barin kafaɗarsa. Kowace Talata sai ya je Mafara da kansa ya sayo kananzir, don ya ce na kan hanya ana gauraya shi da fetur. Ko an rantse masa, sai ya shinshina. "Hanci kahin ashana," in ji shi.

Shekara uku da suka wuce tari ya kama Inna, mahaifiyata. Da kaskon garwashi take jin ɗumi lokacin ɗari, hayaƙin na ƙara mata ciwo. Na sayi hita mai aiki da kananzir, irin wadda ake ɗumama ɗaki da ita a nan, na aika ta hannun wani direba. Kawu ya karɓa. Ya daidaita daɓe da siminti, ya nisanta ta da gado da labule da buhunan gero. Ya gama tsaf, sannan ya ce ba zai kunna ba, don ɗakin ba shi da taga. Inna kuwa, kamar sauran tsofaffinmu, in sanyi ya shigo har ƙasan ƙofa take toshewa da tsumma. Ta ce ɗakin da mijinta ya gina ba mai huda mata shi.

Na kira shi cikin fushi. Na faɗa masa maganar da har yau take ci mini rai: "Kawu, ka tsufa ga gyaran aci-balbal, mi ka sani ga kayan zamani?" Bai ɗaga murya ba. "Lawali, sanyi na ba mutum lokaci shi jawo bargo. Iskar wagga aba ba ta sallama. Uwarka ce, amma ni na riga ka saninta." Kwana goma sha biyu yana lallashin yayarsa kafin ta yarda, ya fasa bango daga sama da hannunsa, ya sa raga.

Daga nan kullum bayan la'asar yana gidan. Ba ya taɓa hitar sai ta huce. Ya ciro tankin ya fita da shi tsakar gida, ya ɗura da mazurari, ba ya cikawa fal, ya goge abin da ya ɗiga. Ya koya wa Inna kashe ta kafin ta kwanta. Ran da Bashiru ya kawo kananzir cikin jarkar da yake sayo man babur, Kawu ya shinshina, ya hana a zuba. "Kawu, na hwa wanke ta!" "Wuta ba ta san ka wanke ba, ɗan nan."

Bara, a gidan da muke haya, wasu baƙi biyu suka rufe ɗaki ruf da hita a kunne. Ɗaya bai tashi ba. Ni na kama gawar muka fitar. Na san Kawu ya yi gaskiya, na ce sai na koma gida in ba shi haƙuri baki da baki. Girman kai ne na sa wa suna ladabi.

Da na kira Inna ta'aziyya, tsoro ne ya fi baƙin ciki yawa a zuciyata. Ɗari ya kama, ga hita, ga Bashiru. Na tambaye ta wa ke ɗura mata.

"Ba kowa," ta ce. "Ran da zazzaɓi yak kama kawunka, yat taho yana rawar jiki, yac cire tankin yat tahi da shi. Ya ce in shi bai dawo ba, in rufa da bargo biyu. Ƙarƙashin gadonai anka ishe tankin."

Na ce a bar tankin a can. Inna ta rufa da bargo har in zo, na riga na sanar da maigidana zan tafi.

Allah Ya jiƙan Kawu Sani, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna makomarsa. Allah Ya ba Inna da iyalansa haƙurin rashi. Ni kuma da na yi masa rashin kunya ban nemi gafara ba, duk wanda ya karanta wannan ya sa ni cikin addu'a.