Lambar da Dalhatu Ya Kankare

A Rano, duk wanda rediyonsa ya yi shiru, ko talabijin ɗinsa ya fara nuna mutane kamar an jiƙa su a ruwa, wurin Dalhatu mai gyara ake tura shi. Rumfarsa na gefen tasha, cike da gawarwakin rediyo waɗanda masu su suka gaji da zuwa gaisuwa. Ya gama firamare, ya ɗan leƙa sakandare, ya ga ba za su daidaita ba, ya yi gaba. A Sabon Garin Kano ya koyi sana'a, wurin wani maigida da ya koya masa abu biyu: liƙi da dalma, da kankare lamba.

Ga yadda abin yake. Akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa a cikin na'ura, masu gyara na ce masa ayisi. Kowanne da lambarsa a gadon baya, da ita ake sayo irinsa. To in mai gyara ya sa sabo, sai ya ɗauki reza ya kankare lambar tas. In abin ya sake lalacewa aka kai wa wani, yana buɗewa zai ga baƙi wuluk, dole a dawo wa mai aikin farko. Dalhatu bai taɓa ɗaukar wannan ha'inci ba. Ko lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, 'yan kasuwa na ta gyara mudu, shi cewa ya yi bai ji an ambaci reza a wa'azi ba.

Siyasa ta kawo wa wata unguwa a Zinyau rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Kansila ya buɗe famfo, ɗan kwangila ya ɗauki hoto, daga ranar ba a sake ganin ƙeyar ko ɗayansu ba. Da akwatin da ke sarrafa wutar injin ya lalace, mai unguwa Malam Badamasi ya aika a ɗauko Dalhatu. Ya duba, ya gano ayisin da ya ƙone, ya samo irinsa a Kano cikin tarkacen wani tsohon akwati, ya liƙa. Hannunsa kuwa ya yi abin da ya saba, ya kankare lambar, ya cilla tsohon a kwata. Ruwa ya zubo. Mata suka huta da zuwa rafi, makiyaya suka samu wurin shayar da shanu, sunan Dalhatu ya koma Injiniya. Har tafiyarsa ta canja.

Damina biyu ta wuce. A tsakiyar wata bazara, lokacin da rijiyoyin gida suka ƙafe, akwatin ya sake mutuwa. Dalhatu ya buɗe, ya ga ayisin nan dai ne, ga sawun rezarsa raɗau a kai. Ya dafe goshi ya nemi lambar a kansa, babu ita babu dalilinta. Ya kwashi jiki zuwa Kano. Mai tarkacen da ya sayar masa da na farko ya ce ya daɗe da sayar wa 'yan gwangwan sauran. Masu shaguna kuwa kowa tambaya ɗaya yake masa, ina lamba?

Wani ɗan kasuwa ne ya hango ɗan tambarin kamfani a kusurwar da reza ba ta kai ba, ya ba shi lambar wayar ofishinsu na Legas. Nan wahala ta soma. Ya kira, wata murya ta ce ya danna ɗaya, ya danna, aka sa masa kiɗa har kati ya ƙare. Ya sa wani katin, wata mata ta ɗauka, ya zazzage mata duk Turancin da ya tsira da shi daga makaranta, ta ce ya aiko saƙo ta intanet. Matarsa Jumai ta ce tunda aka ɗaura musu aure bai taɓa yi mata ladabin da yake yi wa wayar nan ba. Bai yi dariya ba, don kullum sai saƙo ya zo daga Zinyau cewa yara na kwana da ƙishi.

Daga bisani aka haɗa shi da wani injiniyan kamfanin, Muhammad Sani, ɗan Arewa. Da Dalhatu ya ji sallama da Hausa, saura kaɗan ya yi hawaye. Mutumin ya saurare shi da haƙuri, ya sa shi ya ƙirga ƙafafun, ya auna nan ya auna can da mita. Sannan ya ce masa masu wannan siffar suna da su iri-iri, kamarsu ɗaya, aikinsu daban. In aka liƙa wanda ba shi ba, injin da ke can ƙasan rijiya ne zai ƙone, shi ke nan an yi asarar rijiyar ɗungurungum.

"Malam Dalhatu, karanto mini lambar da ke bayansa kawai, sauran aikina ne."

"An kankare ta, ranka ya daɗe."

"Wa ya kankare?"

Dalhatu ya ce, "Wani mara tsoron Allah ne."

"Allah ya shirye shi. Ya cuci mutanen garin nan."

Dalhatu ya amsa da amin, murya can ƙasa. Injiniyan ya ce hanya ɗaya ta rage, a aiko akwatin gaba ɗaya Legas su bincika, amma kada a sa ran dawowarsa nan kusa.

Duk da haka Dalhatu bai haƙura ba. Ya sayi wani ayisi mai kama da shi, ya jefa a aljihu, ya hau babur zuwa Zinyau. Ya tarar da jarkoki jere a gindin famfo, mutane na zaune a inuwar tanki. Iya Dije, wata tsohuwa da ke kiransa mijinta saboda wasan jika, ta ce, "Maigidan, yau dai ko ka ba ni ruwa ko ka ba ni takardata." Aka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ya durƙusa, ya buɗe akwatin, ya ɗora sabon a kan tsohon. Sun yi daidai kamar tagwaye. In ya dace, ya ci gaba da zama Injiniya, babu mai sanin komai. In bai dace ba, ko Legas ba ta da maganin abin. Ya daɗe a durƙushe, gumi na ɗiga a kan allon na'urar. Sannan ya mayar da abin aljihu, ya miƙe, ya gaya wa mai unguwa sai dai a aika da akwatin Legas.

Malam Badamasi ya tambaya me ya hana kamfanin aiko da ɗan abin, tunda su suka ƙera shi. Dalhatu ya ce lambar ce babu, an kankare. Dattijon ya dube shi, ya dubi akwatin.

"Dalhatu, mukullin ɗakin nan a wurina yake kwana. Tunda aka kafa akwatin nan, kai kaɗai ka taɓa buɗe shi."

Babu wanda ya ɗaga murya. Mai unguwa ya karɓi akwatin daga hannunsa, ya ce wani malamin makaranta zai kai shi tashar Kano, shi Dalhatu ya je ya huta. Mata suka fara ɗaukar jarkokinsu suna nufar rafi. Makiyaya suka kaɗa shanu suka yi kudu tun kafin sati ya zagayo.

Har ruwan farko ya sauka akwatin bai dawo ba. Dalhatu na nan a rumfarsa, ana kawo masa rediyo da tocila. Da injin lasifikar wani masallaci a Lausu ya lalace, ta gabansa aka wuce da shi a kan babur, aka miƙa hanyar Kano.