Gaɓar Kalma da Gwiwar Kaka

A gidanmu da ke garin Isa, ciwon gaɓoɓi na kakata ne, kuma ba ta yarda wani ya taya ta yin sa ba. In wata ta ce gwiwarta na ciwo, sai Kaka ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Taki gajiya ta." Da safe kafin ta miƙe daga tabarma takan yi wa gwiwoyin magana kamar yara masu ƙin tashi, ta dafa bango, sannan a ji ƙas. Na lura ta hagu ce kullum ke fara ƙara.

Lokacin Turawa ne, aka ɗebe mu makarantar elementare, 'yan mata kaɗan cikin maza da yawa. Kaka ba ta so ba. Mahaifina falke ne, yana kai goro da yadi Maraɗi, can ƙasar Faransa kamar yadda muke cewa a lokacin, ya kwana biyu bai dawo ba. Mahaifiyata ba ta fita. Saboda haka ni ce ƙafar Kaka: ni ke ɗebo wuta a maƙwabta, ni ke sayo daddawa, ni ke kai gaisuwar da gwiwa ta hana ta kaiwa. Tun da damina ta yanke magana. "Ku bari a kai gero gida," in ji ta. "Za ni wurin mai unguwa in ce a ba ni abata." Kowa ya san za ta iya, domin mai unguwa kansa yakan canza hanya in ya hango sandarta.

Ni kuwa ina son makarantar, amma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba ni da baki. In an tambaye ni abu sai in dubi babban yatsan ƙafata har mai tambayar ya gaji.

Wata rana malaminmu, wani siririn mutum daga Sakkwato mai alli a gefen hula, ya shigo aji da karan dawa. Ya sa yatsa a kan ƙullin karan ya ce, "Mene ne nan?" Muka ce gaɓa. Ya lanƙwasa yatsansa ya nuna inda ya karye. Muka ce gaɓa. Sai ya ce to, kalma ma tana da gaɓoɓi, tana da wuraren da take lanƙwasawa ba tare da ta karye ba. Ya sa mu tafa: ma-ka-ran-ta. Tu-kun-ya. Ya ce masu shirya littattafan boko sun nemi sunan da za su ba waɗannan gutsattsarin, ba su je nesa ba, suka aro daga jikin mutum da karan gona. Ya gargaɗe mu kada mu manta da lanƙwasar da ke kan harafin, in ba haka ba mun rubuta gaba, mun haɗa mutane faɗa. Wani yaro ya ja kalmar da yawa, Malam ya ce wannan ta bakin gulbi ce, ya koma can ya wanke tufafi. Wani kuma ya rubuta gaɓo, aka yi ta kiransa da shi har muka rabu.

A hanyar gida na yi ta juya abin a raina. Gaɓar Kaka ita ce inda ƙashi biyu suka haɗu. Amma in ka ce wa mai rake ya ba ka gaɓa ɗaya, tsakanin ƙulli da ƙulli zai yanko maka. Ashe kalmar tana nufin mahaɗin, tana kuma nufin abin da aka haɗa. Ina tafe ina tafa sunan duk abin da na gani a hankali cikin mayafi. Ja-ki. Rum-bu.

Na iske Kaka ta miƙe ƙafafu a inuwar rumbu. Ta ce, kamar kullum, "To, 'yar boko, mi anka koya muku yau? Yadda aka cin tuwo da hannun hagu?"

Na ce, "Gaɓoɓi."

Ta daina kaɗa mahuci. "Gaɓoɓi?"

Na gyaɗa kai.

"Su Turawan sun san gaɓoɓi?"

Na ce Malam ya ce sai mun iya raba su, mu san inda kowace ta tsaya. Gaskiya na faɗa. Na buɗe baki zan ƙara bayani, amma ta riga ta jawo kwalbar man kaɗe ta turo mini ƙafar hagu. "Zo gwada mini."

Na shafa man, na murza yadda na ga mahaifiyata na yi, ina tafa gwi-wa, gwi-wa a zuci don hannuna ya samu kiɗa. Da na gama ta miƙe, ta taka, ta ce, "Lalle akwai bambanci." Mahaifiyata, wadda ta shekara tana murza ƙafar nan ba a taɓa gode mata ba, ta leƙo daga ɗakin girki ta koma.

Daga ranar maganar mai unguwa ta mutu. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka kai gida, Kaka ba ta ɗauki sanda ba. Ita ce ma ke tashina da safe. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ji cewa jikar gidan nan aikin asibiti take koyo, an fara da gaɓoɓi. Ni ina bayan randa ina ji. Kullum ina shirya yadda za ni faɗa mata, kullum in na zo gabanta sai in sami kaina ina duban yatsan ƙafata.

Ranar wata kasuwar Isa aminiyar Kaka ta zo daga Kamarawa. Tare suka yi 'yanmatanci, kuma ban taɓa jin sun gaisa ba tare da zagi ba. Ta shigo tana riƙe da wuyan hannunta na dama, ya kumbura.

"Ke har yanzu ba ki mutu ba?" in ji Kaka.

"Ina jiran in ga wa za ya gaji sandag ga taki. Ina likitar da kika cika muna kunne da ita? Har Kamarawa labari ya kai."

Kaka ta kira ni. Na zo na durƙusa. Tsohuwar ta ɗora hannun a cinyata, da zafi kamar an ciro shi daga toka. Ta ce jaki ne ya fizge ta da igiya. Na dubi hannun. Wannan ba na man kaɗe ba ne, ko ni na sani. In na murza shi zan ƙara mata ciwo. In na yi magana kuma, gobe Kaka na ƙofar mai unguwa.

Na ce, muryata kamar ta sauro, "Inna, ki tafi wurin maɗori."

"Mi tac ce?"

"Tac ce ki tahi wurin maɗori," in ji Kaka. Ta juyo gare ni. "Ba a kai ku ga hannu ba tukuna?"

Na ce, "Kaka, gaɓoɓin da ake koya mana na kalma ne."

"Na wa?"

"Na magana."

Sai na ga gara in nuna. Na ɗaga hannuwa na tafa: han-nu. Na sake: Ka-ma-ra-wa. Na ce kowane tafi gaɓa ɗaya ce, haka Malam ya ce, kamar na karan dawa.

Tsohuwar Kamarawa ta fara dariya tun daga ciki. Ta riƙe hannun mai ciwo tana dariya tana cewa wayyo. "Ashe likitan taɓi munka samu. Ke, wata nawa ana taɓa miki gwiwa kina cewa kin warke? Bari in koma, wallahi har 'yan garin Kurawa sai sun ji."

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta dubi kwalbar man kaɗe, ta dubi sandarta da ke jingine a rumbu. Ni ma sandar nake kallo. Na ga yatsunta sun motsa a kan cinya, a hankali, sau biyu, kamar mai gwada wani abu. Ina jin gwi-wa take tafawa.

Sannan ta gyara ɗaurin kallabi ta fuskanci aminiyarta.

"Ke dai jahila ta, tun muna yara. Gaɓa ai gaɓa ta. Wa za ya ba yarinya ƙashin mutum ta hwara koyo da shi? Da na magana aka hwarawa, in ta karya ba wanda ya ji ciwo. In sun ƙware a kai su ga yatsa, daga nan a hau sama."

"Haka Malam ɗin yac ce?"

"Sai ya hwaɗi? Tashi ki tahi wurin maɗori kamar yadda anka umurce ki."

Da tsohuwar ta fita, tana tafe tana tafa cinya da hannun mai lafiya, Kaka ta bi ta da kallo har ta ɓace. Can ta turo mini ƙafar hagu, ba ta dube ni ba.

"Kin ji abin da nac ce gaban mutane," in ji ta. "Ba ni komawa baya wagga mata ta samu abin hwaɗi. Ba ki barin makarantag ga sai kin kai ga gwiwa."

Na ce to. Na shekara huɗu a elementare, aka wuce da ni gaba. Duk hutun da na dawo takan tambaye ni inda aka kai, in ce har yanzu muna kan na magana, ta ce Turawa dai akwai jan aiki.