Tagar da Kawu Ya Huda

Kawuna mai faci ne, amma a waya shi ne shugaban zauren masu kiwon kaji. Kiwon kuwa bara ya fara. Kullum yana zaune kan tsohuwar taya a bakin shago, hannu duk baƙin mai, yana aika saƙon murya. In na kai babur a ƙara iska, sai na saurara.

Wata rana wata sabuwar mai kiwo ta tambayi yadda za ta ɗumama 'yan tsakinta. Kawu ya ce, "Ƙanwata, kunna gawayi ki toshe ko'ina, ko 'yar kafa kada ki bari. Iska ce ke kashe su."

Wata dattijuwa da ta daɗe a harkar ta amsa a hankali, "Ɗana, a bar musu taga. Hayaƙin gawayi na shaƙe su."

"Ji tsohuwa!" in ji Kawu. "Inna, yaushe kika zama likitar kaji?"

Nan zaure ya ɗauka. Har waɗanda ba su san kaza ba sai a faranti suka goya masa baya. Kafin a gama dariya ya cire ta daga zauren.

Da yamma na je gaida iyalinsa, na same shi a ɗakin kajinsa da guduma, yana huda taga.

"Kawu, ashe ka yarda da maganarta?"

"Kai dai kwashe min ƙasar nan."

"To gaya wa sabuwar mai kiwon nan mana. Ta toshe nata ɗakin."

"In ce me? Tsohuwa ta fi ni sani? Ka san mutum nawa ke saurarona?"

Na roƙe shi lambarta, ya ce caji ya ƙare. Wayar kuwa sai ƙara take a aljihunsa.

Washegari a shago ya nuna mana hoton da ta turo: 'yan tsaki a zube cikin kwano, ƙafafu a miƙe. Ya lalubo saƙonsa na jiya ya goge, ya gyara murya ya danna.

"Allah ya mayar da alheri, ƙanwata. Amma ai kowa ya san sai an bar musu taga."

Amsoshi suka fara shigowa: "Gaskiya ne, shugaba."

Tayata ta sace a ranar. Haka na tura babur ɗin har shagon wani mai facin.