Tutar da Umma Ta Ɗauka Asibiti Ce

Wata ranar Asabar ce cikin watan Yunin 2006, bayan la'asar, Alƙahira ta yi zafi kamar bakin murhu, Umma ta goya ƙanena Sadiku, ta ja hannuna muka faɗa titin Faisal. Ina 'yar shekara tara, ba mu daɗe da zuwa daga Funtuwa ba. Abba yana can unguwar Abbasiyya yana rubuta jarrabawa, ga zazzaɓin Sadiku ya rikiɗe har ya fara sanƙarewa. Larabcin Umma kuwa bai wuce na salla da "ma'alish", wato "yi haƙuri", ba, ni ma nawa na sayen burodi ne.

Kafin ranar, duniyarmu ba ta wuce matattakalar bene ba. Nan muke 'yar ɓuya da Sadiku, nan nake zura kwando da igiya daga baranda mai tumatir ya zuba mana, Sadiku kuma sarkin rigima sai ya ce lallai shi zai ja, kwandon ya kife, ni in sha faɗa. Ba mu san inda asibiti yake ba, don ba mu taɓa nema ba.

Muna cikin kutsawa tsakanin ƙananan bas-bas, Umma ta ɗaga kai ta hango farin ƙyalle mai jan gicciye rataye a wata baranda can sama. "Alhamdulillahi, ga asibiti," in ji ta, domin a gida duk inda ta ga wannan alama akwai magani. Muka hau benen nan tana haki, tana kiran sunan Sadiku. Da aka buɗe ƙofa, sai ga samari cike da falo suna kallon ƙwallo, Ingila ce ke wasa. Duk suka juyo suna kallonmu. Wani ɗan Sudan mai jin Hausa ya karɓi yaron ya ce, "Yalla, Hajiya, biyo ni." Da gudu ya mai da mu baya, zuwa wata ƙofa mai jan jinjirin wata da muka wuce tun farko, ashe ita ce alamar asibiti a nan. Umma ta gan ta sarai, ta ɗauka masallaci ne.

Sadiku bai kai magariba ba. Likita ya ce ko da wuri muka zo da wuya ya tashi, amma Umma ba ta taɓa karɓar wannan magana ba. Bayan sadakar bakwai Abba ya zaunar da mu, ya ce tutar Ingila ce, gicciyen wani waliyyin Kirista da Misirawa ke kira Mar Girgis, kuma nata jan yana kaiwa har bakin ƙyalle, na asibiti kuwa a tsakiya yake tsayawa. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar. Ina amfanin wannan ilimi yanzu? Sai da na girma na gane shi ma abin da ya iya ke nan da baƙin cikinsa.

Yau ina zaune a Alƙahira da 'ya'yana, waya ce ke nuna mini asibiti mafi kusa. Umma ta koma Funtuwa, ta tsufa, kuma in jikokinta suka kunna ƙwallo takan tashi ta shiga ɗaki. Ni kuwa in na ga tutar nan a baranda, idona bakin ƙyallen yake fara zuwa, in duba ko jan ya kai. Kullum yana kaiwa.