Ajiyar Kawu a Ƙarƙashin Teburina

Abubuwa da yawa sun same ni a New York, wasu ma sai 'yata ta tuna mini nake tunawa. Amma ranar da aka sami bindiga a ƙarƙashin teburina, wannan kam tana raina har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Bronx da ke kai wa tsofaffi magunguna har gida. Ni ce mai raba wa direbobi unguwanni. A cikinsu akwai wani dattijo mutumin Maraɗi, mu biyu ne kaɗai Hausawa a wurin. Ina ce masa Kawu, shi kuma yana ce mini ɗiyata. Mutum ne mai barkwanci, kullum cikin tsokanata yake wai Kanawa ba mu iya fura ba. Sai wata rana wasu samari suka tare shi a matattakalar wani bene a Morris Heights, suka ɗora masa wuƙa a wuya, suka kwashe magungunan. Tun daga nan Kawu ya canza, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura.

Duk Juma'a idan zai tafi masallaci, sai ya tura wata baƙar jaka ƙarƙashin teburina. "Ɗiyata, ga ajiya, in tai in dawo." Ni ko kallonta ba na yi. Haka aka rene mu. Babba ya ba ka ajiya, ka tsaya tambayarsa mene ne a ciki? Ai rashin kunya ke nan. Ni da na sha ɗauko wa mutane ƙullin saƙo tun daga Kano ban taɓa kwancewa ba.

Ran nan Kawu bai daɗe da fita ba, manaja ta tara mu. Ta ce a wani reshen kamfanin wani ma'aikaci ya zaro bindiga ana cikin gardama, don haka an turo masu tsaro su duba jakar kowa. Ta tuna mana dokar da muka sa wa hannu ranar ɗaukarmu aiki: ba a shigowa da makami ko da mutum yana da lasisi. Wanda aka kama, kora ce, kuma za a kira 'yan sanda.

Ko a jikina. Na koma na zauna, na sa ƙafa zan matsar da jakar Kawu, sai na ji nauyin da bai yi kama da na kwanon abinci ba. Na sunkuya. Zif ɗin bai rufu duka ba, ga wani abu naɗe a tsohon rawani, bakin ƙarfensa ya leƙo. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wallahi bindiga ce.

Abin da ya faɗo mini shi ne takarduna. Ana gab da kirana ganawar zama 'yar ƙasa, kuma lauyana ya ja mini kunne cewa kada in bari sunana ya shiga bakin 'yan sanda ko a kan mene ne. Ga 'yata tana firamare, ni kaɗai gare ta a ƙasar nan. In aka tafi da ni, wa zai ɗauko ta? Na kira Kawu, wayar a kashe, ana huɗuba. Na sake kira, har yanzu a kashe. Na yi tunanin in suri jakar in fice ta baya, sai na tuna akwai kyamara a ƙofar, kuma in aka kama ni da ita a hannu, to ta zama tawa.

Ina jin masu tsaron suna matsowa, tebur bayan tebur, suna buɗe jakunkuna har da raha. Da ɗayansu ya iso, ya duba tawa ya mayar mini, sannan ya nuna ƙasa.

"Waccan ma taki ce?"

"Ba tawa ba ce."

"Ta wa ce?"

Nan fa na tuna da Kawu. Mutumin nan yana ciyar da gida guda a Maraɗi, ya ce mini ɗiyata, ya ba ni amana. Na kalli hoton 'yata da ke jikin kwamfuta. Sai kawai na ji sunansa ya fita daga bakina, na kuma gaya musu abin da na gani a ciki. Ina gama faɗa na fashe da kuka.

'Yan sanda suna tsaye a kaina Kawu ya shigo, darduma a kafaɗa, carbi a hannu. Kallo ɗaya ya yi ya gane. Ya ɗaga hannuwa, ya ce da Turancinsa, bindigar tasa ce, yana da lasisi, yarinyar nan ba ta san komai ba. Ashe ba ya so ya shiga masallaci da ita ne, kuma yana tsoron barinta a mota a sace. A ranar aka kore shi, daga baya aka karɓe lasisin. Ni kuma aka sha yi mini tambayoyi kafin a sake ni, maƙwabciyata 'yar Ghana ce ta ɗauko mini yarinya.

Na sami takarduna, amma ban sami kwanciyar rai ba. Matan Hausawan unguwarmu suka yi ta cewa na tona wa dattijo asiri. Ina jin haushinsa, ina kuma jin kunyarsa, ko hango tasin da ya koma tuƙawa na yi sai in sauya hanya.

Ranar Babbar Sallah, bayan an sauko daga idi, na ji an ce, "Ɗiyata." Na juya, ga Kawu da leda a hannu, wai dambun nama ne na jikarsa, wato 'yata. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya janye. Ya kwance ledar da kansa, ya buɗe ta sosai a gabana.

"Duba tukuna," in ji shi. "Da haka ya kamata in yi tun farko."

A wurin na gane amana ba a kan mai karɓa kaɗai take ba, mai bayarwa ma tana wuyansa. Yanzu duk wanda ya kawo mini ajiya, komai furfurarsa, sai ya buɗe na gani. Suna cewa na zama Ba'amurkiya.